Lamba Arba'in da Biyar

Mijin yayata wata tara ya yi a Ingila, kwas ɗin hedimastoci, amma har ya bar duniya bai gama dawowa ba. A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ne, lokacin da gwamnati ke kwasar ma'aikata tana turawa waje kamar ana rabon goro. Ya sauka a Faskari da kwat mai kauri wadda ba ta da ranar sawa a ƙasarmu, da baƙar lema, da wata gyaran murya ta ƙasaita da yake yi kafin ya ce ko da sannu. Ban taɓa ƙaunarsa ba, kuma ba zan fara yanzu don ya mutu ba. Allah dai ya jiƙansa.

Ni a lokacin malamin dabbobi ne. Mazaunina Ƙanƙara, amma aikin ya haɗa har da Faskari da dazukan Sabuwa. Babur gare ni, da fulas ɗin allurai a ɗaure a baya, ina bin rugage ina yi wa shanu rigakafin ciwon huhu. Aikin ba wuya, samun yardar makiyayi ce wuyar. Sai da na shekara biyu ina shan nono a ƙwaryar wani ardo na wajen Sabuwa kafin ya bar ni na taɓa jelar saniyarsa, kuma da ya yarda, duk rugagen yankin suka bi shi.

Ina da nawa ciwon wanda ba shi da rigakafi, wato kiɗan samarin Ingila da suke kira rok. Tun a makarantar koyon aiki na kamu. Waƙoƙin da nake so tsofaffi ne, a kan ƙananan fayafayi suka fito, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, kuma ko a can Ingilar an ce sun yi wuyar samu. Ni ban taɓa riƙe ƙaramin faifai a hannuna ba. Abin da ke iso mu shi ne manya masu araha, waɗanda wani kamfani ke tattaro tsofaffin waƙoƙi ashirin ya cusa a faifai ɗaya. Wani mai sayar da rediyo da batir a Funtuwa ne ke ajiye su cikin kwalin sabulu a ƙarƙashin tebur. Kwalinsu sakwaf-sakwaf, da hoton mace a gaba wadda ba ruwanta da waƙar, sai na rufe ta da takardar siminti saboda idon mahaifiyata. Sautin siriri ne, kuma in maƙwabta suka fara daka sai allurar garmaho ta yi tsalle. Sau da yawa nakan sayi faifai guda saboda waƙa ɗaya tak, sauran sha taran tarkace. Duk da haka ina son kayana, na san inda kowace waƙa take kamar yadda ardo ya san shanunsa.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ma'aikatan Faskari kan taru a falon mijin yayata: malamin gona, da malamin asibiti, da mai kula da rijiyoyi, da ni in aiki ya biyo da ni. Mai gidan yana da rediyogaram, wato rediyo haɗe da garmaho, mai tsawon akwatin amarya, wanda ya sayo a Kaduna, batirin mota ke tuƙa shi. Fayafayansa manya guda shida duk badujalar sojan Turawa ce. Amma akwai na bakwai, ƙarami, wanda ya saya a shagon gwanjo ranar da zai baro Ingila. Naɗe yake cikin ƙyallen karan-miski. Sai ya wanke hannu, ya yi gyaran murya, sannan ya ɗaga shi ya nuna mana lambar da ke tsakiya.

"Kun ga wagga lamba? Arba'in da biyar. Guda hamsin kaɗai aka buga a duniya, wanga shi ne na arba'in da biyar."

Ya faɗa mana haka ya fi sau talatin, kuma kullum sai malamin gona ya ce ikon Allah. Sannan a ɗora faifan. Wata murya ce mai kauri ke fitowa, tana jan kowace kalma kamar bijimi ya faɗa rijiya yana neman agaji, ganga kuma tana tafe a baya kamar ba ta ci abinci ba. Mai gidan yakan lumshe ido yana kaɗa yatsa. Sauran su ma su lumshe, amma nasu barci ne, don na sha jin minsharin mai rijiyoyi. In an gama sai a yi ta jinjina kai ana cewa lallai Bature ya san kiɗa. Munafunci irin na masu albashi ban ga kamarsa ba.

A zama na huɗu ko na biyar na tsinci kalmomin daga cikin wannan taɓo, na gane waƙar. Ina da ita a bayan wani faifaina, ta uku daga ƙarshe, sai dai tawa da gudu take tafiya, muryar wani siririn saurayi, jita na tsalle. Murna ta kama ni. Juma'ar da ta biyo na rungumo faifaina tun daga Ƙanƙara, a zatona za a yi hirar masana.

Ya karɓa da yatsa biyu. Ya kalli takardar simintin, ya kalli jama'a. Bai bari ta kai rabi ba ya ɗage allurar.

"Ƙanena, wanga ai jabu ne. Yara ne suka kwaikwaya don irinku. Ka ji muryar kamar ɗan akuya? Kai duk kayanka na jabu ne. Malam Jabu."

Aka fashe da dariya, har da masu barcin. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, kowa ya sani, don haka ba ni da damar yin fushi a fili. Da na yi wa yayata ƙorafi cewa ta yi, "Haba, ba ka san wasa ba?" Na san wasa. Wannan raini ne aka sa wa rigar wasa.

Sunan ya fita daga falon a ranar. Malamin asibiti ya kai shi wurin aikinsa, direban motar auduga ya ɗauke shi zuwa tasha, mahauta suka karɓa ranar kasuwa. Abin da ba ya tafiya tare da sunan shi ne maganar faifai, don ba wanda ya damu da ita. Abin da ya isa daji shi ne, hedimasta da kansa, wanda ya je Ingila ya ga na gaske da idonsa, ya ce kayan malamin dabbobi duk jabu ne. Mene ne kayan malamin dabbobi a wurin makiyayi in ba allura ba?

Da lokacin rigakafi ya zo, farkon damina, na je rugar ardo. Ya shimfiɗa mini buzu, aka kawo nono, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Da na taɓa fulas sai ya kau da kai.

"Malam, bana mu dakata tukuna."

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Mun ji wata magana ce daga Faskari. Mu dakata dai."

Na gane maganar nan take, kuma zuciya ta ɗebe ni. Shekara biyu ina zarya, a ce zancen tasha ya fi ni daraja? Ban yi masa bayanin komai ba. Na ga ƙasƙanci ne in zauna ina fassara wa mai sandar kiwo abin da ake nufi da faifai. Na ɗaure fulas, na buga babur, na rubuta a rahoto cewa sun ƙi. Sauran rugagen ma suka ƙi, tunda shi ya ƙi.

Daga nan na sa wa raina cewa sai na wanke sunana, kuma a falon da aka ɓata shi zan wanke shi. Damina guda na yi ina wannan shirme. Duk ranar da na samu sarari sai Funtuwa, sai Zariya, ina juya kwalaye ina neman wani faifan mai ɗauke da waƙar don in samu shaida ta biyu. Na sayi tarkacen da ko kyauta bai kamata a karɓa ba. Hanyar Sabuwa kuwa na ce ta lalace da ruwa, kuma gaskiya ta lalace, amma a shekarun baya haka nake tura babur cikin taɓon in wuce.

Wajen kaka na samo wani faifai a Zariya wanda aka yi wa bayan kwalinsa ado da hotunan ƙananan fayafayan asali, guda ashirin a jere. Ina zaune a ƙofar ɗakina da hantsi ina dubawa, sai na ga kowane ɗaya da lamba a tsakiyarsa. Arba'in da biyar. Na farko arba'in da biyar, na biyu haka, har na ashirin. Na juya na kalli garmahona. A gefen allura akwai wani ɗan maɓalli da ban taɓa matsawa ba, gefe ɗaya an rubuta talatin da uku, ɗaya gefen arba'in da biyar. Gudun juyawa ne. Babban faifai a hankali yake juyawa, ƙarami da sauri. Shekaru abin nan yana ƙarƙashin babban yatsana. Na yi dariya har mahaifiyata ta leƙo ta tambaya ko lafiya, kuma rabin dariyar kaina nake yi wa.

Ranar Juma'a na riga kowa zuwa. Na bari ya wanke hannu, ya yi gyaran murya, ya nuna lambar, malamin gona ya ce ikon Allah. Na bari bijimin ya fara nishi. Sannan na tashi.

"Yaya, ka ba ni izini in taɓa wani abu."

Ban jira izinin ba. Na matsa maɓallin gudun injinsa zuwa arba'in da biyar. Bijimi ya ɓace, ɗan akuyana ya fito da gudunsa, jita na tsalle, kalma da kalma irin ta faifaina mai takardar siminti. Mai rijiyoyi ya farka. Na zaro kwalin Zariya na miƙa aka zagaya da shi, kowa ya ga arba'in da biyar sau ashirin. Malamin asibiti ne ya fara dariya, ya toshe baki da hula, sauran suka bi. Mutanen da suka yi shekara suna jinjina wa nishin nan kai, yanzu kowa na rantsuwa shi dama tun farko ya ji wani abu ba daidai ba.

Mijin yayata bai yi dariya ba. Ya ɗage allurar a hankali ya ce, "Ka lalata mani inji." Iyakar abin da ya ce ke nan, a ranar da bayanta. Yayata ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Ban damu ba. Na ji daɗi ƙwarai, irin daɗin da ban cika samu ba a rayuwa.

Washegarin wannan Juma'ar da sassafe na cika fulas na kama hanyar Sabuwa, ina tsara yadda zan ba ardo labari. Tun kafin in ga bukkoki na ji tarin. Duk malamin dabbobi ya san shi, busasshe, gajere, daga nan da can. Shanun na tsaye sun ware ƙafafun gaba, sun miƙe wuya, haƙarƙari a waje. A bayan garke an shanya fatu a kan ƙaya, na fara ƙirgawa na bari. Rigakafi ba ya yi wa wadda ta riga ta kamu komai.

Ardo ya shimfiɗa mini buzu kamar kullum. Ba a kawo nono ba. Ni kuwa, don ban san abin da zan ce ba, sai na kama ba shi labarin da na zo da shi: ƙaramin faifai, babban faifai, maɓalli, yadda falo ya fashe da dariya. Ina jin muryata tana fita, ina jin ƙyamarta. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"To, Malam, ashe zancen waƙa ne."

"Zancen waƙa ne, Baba."

Ya daɗe yana kallon wata farar saniya da ta durƙusa ta kasa tashi.

"Ran da ka zo, da ka ce mani ƙarya ne, da na yarda. Kai na sani, ban san hedimasta ba. Na yi ta sauraren ƙarar babur ɗinka har aka yanke gero."