Ƙuri'ar da Na Nema wa Ƙanena

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki aka buɗe siyasa, ina ɗan malamin unguwa a sabon matsugunin da aka kai mu kusa da Maradun, bayan ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonakinmu. Ban yi boko ba, allo da ajami na sani, amma in na yi magana a ƙofar masallaci ana saurare. Da wannan sauraren na cuci kaina da mutanena.

Ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, ya shiga leburanci wurin masu ginin dam, can ya koyi shan wiwi. Da aka sallame su ba gona ba sana'a, sai ya shuka ta a tsakiyar dawar wani da yake yi wa ƙwadago wajen Bakura. Aka kama shi, aka yanke masa shekaru masu yawa, aka kai shi gidan kaso a Sakkwato. Innarmu ta daina cin abincin kirki. Kullum tambayarta ɗaya ce, ko yana da bargo.

Ana nan sai wani mai neman kujerar majalisar jiha ya zo da lasifika. Ya ce dokar wiwi ta soja ce, ta yi tsanani, yaran da aka raba da gona ne take ci. In an zaɓe shi za a sassauta ta, a sako waɗanda suka yi laifin farko a nema musu magani. Na san wiwi haram ce, har gobe haka na ɗauke ta, amma fuskar ƙanena na gani a cikin maganar. Ɗan gwaggona, abokin wasana, wanda katanga kaɗai ta raba gidajenmu, shi kuwa abokin karawar mai lasifikar yake so, mai maganar diyyar gonaki. Ya tsokane ni cewa malam ya koma limamin 'yan hayaƙi, saura a naɗa mini rawanin ganye. Aka yi dariya. Ni kuwa na ce masa a gaban jama'a, wanda ya fifita ƙasa a kan jinin ɗan'uwansa bai gaji tausayi ba. Ya kaɗe rigarsa ya shige gida.

Wannan ne karon farko da matanmu za su jefa ƙuri'ar gwamnati, ba su san inda ake dangwala yatsa ba. Sai na ɗauki allon da nake rubuta wa yara ayoyi, na zana alamar jam'iyyar da tawada, na bi gida gida ina sallama, a shiga da shi a nuna musu. Da allon ya dawo gidanmu, inna ta ce in rubuta addu'ar fitar ɗaurarre a ƙarƙashin alamar. Na rubuta. Ta wanke duka, addu'a da alama, ta shanye ina kallo, ban hana ta ba.

Mutumin ya ci, unguwarmu kusan duka ta bi ni. Bayan kaka na shiga mota zuwa Sakkwato na same shi. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce ai da ya shiga ya tarar dokar ta gwamnatin tarayya da ke Ikko ce, majalisar jiha ba ta da hannu a ciki, sai dai addu'a. Ban san ko ya sani tun farko ba, Allah ne masani. Abin da na sani, ni ban tambaya ba. Kafin damina ta zagayo tari ya kashe ƙanena a ciki, aka binne shi can, inna ba ta ga ko kabarinsa ba. Maganar diyya kuwa ba mai ɗaukar mana ita, har mutane suka fita tare hanyar dam da kansu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa, abin da duk mutumin yankin ya sani.

Ina jan kunnen duk wanda ake jin maganarsa a unguwa: kafin ka sa mutane su dangwala wa mai alkawarin gyara doka, ka tambaya ko kujerar da yake nema tana da ikon taɓa ta. Kuma kada ciwon gidanka ya sa ka ari bakin jama'a.

Ni da ɗan gwaggona muka yi furfura ba ma gaisawa. Da na ji ciwo ya kwantar da shi, na shiga na durƙusa na ce ya yafe mini kalmar ƙofar masallaci. Ya ce ya yafe, amma shi ma ina binsa, don fushi ya hana shi zuwa mini ta'aziyya. Ya sa aka tayar da shi zaune, ya kama hannuna, ya tambaye ni ya haƙuri, ya haƙurin inna da ta daɗe da rasuwa, ya roƙa wa ƙanena gafara. Na amsa masa da amin kamar ranar aka yi rasuwar.