Malam Uwaisu Mai Begila na Kukar Malam

An haifi Malam Uwaisu Sama'ilu a shekarar 1937 a ƙauyen Kukar Malam, kusa da Makoda, cikin ƙasar Ɗambatta. Mahaifinsa Malam Sama'ilu malamin Alƙur'ani ne kuma manomi, mahaifiyarsa kuwa ita ce Hure, ƴar limamin garin.

Karatunsa

Ya fara karatun allo a gaban mahaifinsa, har ya yi nisa, kafin dagaci ya sa shi cikin yaran da aka kai elemantare a Ɗambatta a 1946. A can ne, ranar wani fareti, ya fara jin busar begila, sha'awarta ta shiga zuciyarsa, ba ta kuma fita ba har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin badujala

A 1955 ya shiga aikin ɗan sanda a Kano, aka tura shi sashen badujala, ƙarƙashin wani mutumin Gabas mai suna Sajan Obiyora. Sajan ba ya jin Hausa sosai, shi kuma Uwaisu Turancinsa bai wuce na elemantare ba, ga shi dukkan umarnin kiɗan da Turanci ake ba da shi. Saboda haka suka riƙa musayar kalmomi. Idan Sajan ya ce korus, sai Uwaisu ya saurara ya ce ai amshi ke nan. Rihazal ya zama gwaji, siteji ya zama dandamali, solo kuwa busar mutum ɗaya alhali saura sun yi shiru. Kalmar kwandasta ce ta daɗe tana ba shi mamaki, domin shi na mota ya sani, bai san akwai mai tsayawa da ƴar siririyar sanda a hannu yana jan ragamar makaɗa ba. Kafin shekara ta zagayo ya zama tafinta tsakanin Sajan da kurata.

Wannan aiki bai yi wa mahaifinsa daɗi ba, domin a ganinsa bakin da ya karanta Alƙur'ani bai dace da busa ba. Tun daga lokacin, in ban da amsa sallama, magana ba ta ƙara haɗa su ba sai a shekarar fitina.

Aurensa

A 1960 aka ɗaura masa aure da Barira, ƴar wani ɗan tireda a Makoda, suka tare a barikin Kano, inda Allah Ya ba su ƴaƴansu na fari.

Shekarar fitina

Da tarzoma ta ɓarke a Kano a ƙarshen daminar 1966, aka shiga farautar mutanen Gabas, Sajan Obiyora ya riga ya tura iyalinsa gida, shi kaɗai ya rage. Uwaisu ya sa masa riga da hula, ya gargaɗe shi kada ya buɗe baki, suka hau bayan motar kaya zuwa Makoda, daga nan suka ratsa gonakin dawa a ƙafa zuwa Kukar Malam. Ya san idan aka gane su a hanya babu wanda zai tsira a cikinsu, bai kuma san yadda mahaifinsa zai karɓe su ba.

Sun tarar da Malam Sama'ilu a ƙofar zaure bayan la'asar. Uwaisu ya durƙusa ya yi bayani, tsohon ya daɗe yana duban baƙon, sa'an nan ya ce, "Ka ce shi ya koya maka abin da ka sani?"

Ya ce, "Shi ne, Baba."

"To ai malaminka ne. Shigar da shi ciki, Hure ta ba shi ruwa."

Da labari ya bazu, wasu baƙin samari suka zo da sanduna suna tambaya. Malam Sama'ilu bai tashi daga kan buzunsa ba, ya ce musu mutumin amana ce a hannunsa, wanda ke son shiga sai ya fara gamawa da shi. Mutanen gari suka taru a bayansa, samarin suka juya. Bayan an gama yankan gero aka haɗa Sajan da fataken da suka kai shi Damagaram. Uwaisu ya yi ta cigiyarsa bayan yaƙin basasa, amma har ya bar duniya bai sami tabbacin ko ya isa gida ba.

Komawarsa gida

A 1971 ya ajiye aiki saboda ciwon kunne, ya koma noma a Kukar Malam. Farin da aka yi a 1973 ya same shi ɗauke da nauyin gida biyu. Dabbobinsu suka ƙare, ƴarsa Mairo ta rasu da ƙyanda, mahaifinsa kuma ya bi ta a shekara ta gaba, bayan ya yi jinya a hannun ɗan nasa, ya kuma sa masa albarka a gaban jama'a.

Da aka buɗe makarantun firamare a ƙauyuka a 1976, aka ɗauke shi koyar da Turanci. Tun da babu kayan kiɗa, ya sa aka ɗaure fatar akuya a bakin garewani, ya kafa badujalar yara. Kowace kalma sai ya faɗe ta da Turanci, ya ba da takwararta ta Hausa, sa'an nan ya sa yaran su aikata ta a fili, domin a cewarsa kalmar kiɗa ba ta zama a kai sai ta bi ta ƙafa.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya yi ritaya a 1992, lokacin da jinsa ya tafi ɗungum. Duk da haka yakan zauna a gefen fili ranar gwaji, ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya gane wanda ya yi kuskure a ganga.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 14 ga Nuwamba, 2003, cikin watan azumi. An yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, ba a kuma busa masa begila ba, bisa wasiyyar da ya bari. Tsofaffin ɗalibansa ne suka ɗauki makararsa, waɗanda suka halarta kuwa sun shaida cewa tun daga ƙofar gida har maƙabarta ƙafafunsu tare suke sauka, ba tare da kowa ya ba su umarni ba.

Ya bar matarsa Barira da ƴaƴa huɗu: Tasi'u, Kaltume, Muhammadu Sani da Asiya. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata makwancinsa, amin.