Buhunan Malama Tsumma

Malama Tsumma ba ta iya ganin abu a yashe ta wuce. Aibinta ke nan, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba. In ta ga karyayyar lema a bakin kwata sai ta tsuguna ta zare ƙyallen, ko da wa take tafe. Ta taɓa tsayar da motar haya a tsakiyar hanya don ta hango buhu maƙale a jikin ƙaya. Ranar da aka canza labulen ofis, kafin a rataya sabon ta cusa tsohon a hammata. Ɗalibai ne suka laƙa mata sunan, ta amsa shi har aka manta na gaskiya.

'Yar tela ce, a ƙarƙashin teburin ubanta ta girma tana tsince guntayen yadi. Mijinta direba ya rasu da wuri, ya bar mata 'ya'ya uku da akwatin tufafi, ta mayar da wandunansa kayan makarantarsu. Shekara ashirin da shida ta yi tana koyar da ɗinki a sakandaren ƙauyen, a ɗakin ƙarshe kusa da tankin ruwa. Keken ɗinki huɗu ne a ɗakin, biyu ke aiki. Ba a taɓa aiko mata da sabon yadi ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

A ajinta, zangon farko ba mai taɓa almakashi. Kowace yarinya za ta zo da tsohuwar riga daga gida, a ba ta reza, ta farke ɗinkin zare bayan zare har ta ga yadda aka haɗa hannu da kafaɗa. Sai a wanke, a goge, a shata da alli. Daga baya a haɗa da ƙyallen lema, ko gidan sauro, ko labule, a fitar da sabuwar riga. Kowace tana da buhun da take adana aikinta. Malama ba ta rubuta suna a jiki. Yarinya kan yago ƙyalle daga rigar da ta kawo ta ɗaure bakin buhun, da shi ake gane na wace ce.

Shugabar makarantar ta san wannan. Malama ta girme ta da shekara takwas, Yaya take ce mata. Mace ce mai son tsabta da tsari, kuma ɗakin ɗinki ya daɗe yana tsaye mata a rai.

A shekarar Shugaba ta tara a kujera takarda ta zo cewa masu duba makarantu za su zo ranar Alhamis. Malama tana asibitin birni, an cire mata yanar ido. Saura mako huɗu 'yan ajin ƙarshe, su goma sha huɗu, su nuna rigunansu a jarrabawa. Ranar Laraba bayan an tashi, Shugaba ta buɗe ɗakin. Buhuna jibge a lungu, warin tsumma, ga kashin ɓera a kan taga.

"A kwashe a ƙona," ta ce wa maigadi.

Tsoho ne, ya sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, da mun jira mai ɗakin."

"Ita ce za ta amsa tambaya gobe ko ni?"

Yana jan buhunan ta ga ɗaurin. Wannan ja, wancan shuɗi, ɗaya kore mai fararen furanni. Ta gani sarai. Kwance ɗaya bai fi minti guda ba, amma ta san in ta kwance ba za ta iya ƙonawa ba, ita kuwa tana son ɗakin ya yi fes. Ta juya ta koma ofis, ta rufe taga saboda hayaƙi.

Masu dubawa suka zo, suka sha ruwa a ofis, suka buɗa rajista, suka leƙa aji biyu suka tafi. Ko hanyar tankin ruwa ba su bi ba.

Ranar Juma'a 'yan matan suka tarar da ɗaki a share. Akwai wadda ake kira Auta, uwarta ta rasu bara, rigar uwar ce koriya mai furanni. Wata biyu ta yi tana farke ta don kada reza ta ci yadin. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a ƙofar ofis ta ce wa Shugaba, "Malama, ina buhuna?"

"Maigadi ne bai fahimci abin da na ce ba," in ji Shugaba.

Maganar ta fito tun kafin ta auna ta. Maigadi ya ji labari. Kullum safe ya buɗe mata ƙofa ya gaishe ta kamar da, 'yan mata kuwa suka daina gaishe shi. Kwana biyar ta yi tana sunkuyar da kai a bakin ƙofar makarantar da take shugabanta.

Da ta ji an sallamo Malama, ta sayi lemo ta tafi gidanta da yamma. Ta same ta a tsakar gida, ido ɗaya a rufe da auduga, tana cire maɓallai daga wata tsohuwar kwat.

"Yaya, ya jiki?"

"Ido ya buɗe. Ga shi har na ga kin rame. Mulki ne ko rashin barci?"

Shugaba ta ajiye lemon. Malama ta juye shi a tasa, ta ninke ledar ta sa a ƙarƙashin cinya.

"Zan sayo wa yaran sabon yadi, Yaya. Daga aljihuna."

"Aikin tsohon kaya na rubuta wa masu jarrabawa, shi za a duba. Kuma a wace kasuwa ake sayar da rigar uwar Auta? Faɗa mini in raka ki."

Shugaba ta ce, "Ba maigadi ba ne. Ni ce."

"To da wa? Mutumin da shekara goma yana tara mini buhunan siminti? Kin ga ɗaurin?"

"Na gani."

"Kin kwance?"

"A'a."

Malama ta jefa maɓalli a gwangwani. "Ni ma da nawa laifin. Na tara shara kamar mahaukaciya, ban rubuta ko harafi ɗaya a jikin buhunan ba. Amma ni ban ɗora wa tsoho ba. Ranar Litinin ki zo aji da rigar nan taki mai ruwan toka, wadda kike tarbar manya da ita. Ba tsumma nake so ba, wadda kike so nake so. Ki faɗa musu abin da kika faɗa mini, maigadi yana tsaye."

Shugaba ta je, ta faɗa. Sauran malamai ma kowa ya kawo abin da ya kawo. Malama ta miƙa mata reza, Shugaba ta zauna a benci tsakanin yara tana farke rigarta, ta yanke yatsa sau biyu.

"Ranki ya daɗe, zaren ake yanka, ba mutum ba," in ji Malama, aji ya kwashe da dariya. Auta ba ta yi ba.

Mako uku bai isa aikin wata shida ba. Goma sha ɗaya suka ci, uku suka faɗi. Auta tana cikin ukun. An ba ta rigar Shugaba ta ƙi taɓawa, ta kai wa masu jarrabawa siket ɗin labule da ba ta gama kalmasa ba. Yanzu tana sayar da kwanuka a kasuwa. In Shugaba ta tsaya a rumfarta, takan gaishe ta da ladabi, ta miƙa mata abin da ta zo saya, shi ke nan. Shugaba tana da kwanukan da ba ta san abin da za ta yi da su ba.

Shekara huɗu bayan haka Malama ta ajiye aiki. A taron sallama aka tambaye ta kyautar da take so. Ta miƙe, jakarta cike da murafan kwalaben da aka sha a wurin. Ba ta dubi Shugaba ba.

"Kada ku sayo mini komai, sabo ba ya burge ni. Abu ɗaya nake roƙo. Duk wanda mabuɗin ɗakin nan ya faɗo hannunsa, in ya ga buhu a ɗaure, don Allah ya kwance ya duba kafin ya kira maigadi."