Haƙorin Ebiau

Ƙarfe bakwai na safe Ebiau yake jingine kekensa a bakin siton kamfanin giya da ke kasuwarmu, nan Katakwi. Ya share daɓe, ya goge sikeli, ya ɗauki ƙarfen da yake soka buhu da shi. Manomi ya kawo farar dawa, Ebiau ya soka, ya jefa ƙwaya uku a baki. In ta ce ƙas, ta shiga. In ta yi shiru a haƙori, sai ka koma da kayanka. Shekara ashirin da shida ke nan. Kamfani ya ba shi na'urar gwada danshi, yana amfani da ita, amma sai bayan ya ciza.

Ni Oriokot ban iya yabon mutum ba. Amma Ebiau mijin ƙanwata ne, kuma na yi masa laifi. Shi ya sa nake magana.

Shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa da kaka, dawarmu ba ta bushe ba. Muka yi dabara: busasshiya a gindin buhu da baki, ɗanya a tsakiya. Ni na kawo shawarar. Buhunana goma sha ɗaya ne a gaban layi. Ebiau ya soka a tsakiya, ya ciza, ya tofar.

Na ce, "Suruki, haƙorinka ne ya tsufa."

Ya ce, "To ciza da naka, Yaya, in akwai saura."

Layi ya fashe da dariya. Ebiau ya mayar da buhu arba'in ran nan.

Da yamma muna zaune kewaye da tukunyar ajon, giyar tambarmu, kowa da dogon tsinken zuƙarsa a ciki. Ebiau ya zo zai sa nasa. Na karɓe, na karya a gwiwa. Wanda aka karya wa tsinke ba shi da wurin zama, ko a biki ko a makoki. Ya tsince guntayen ya tafi.

Washegari ya dawo da tamfol biyu a bayan keke. Ya shimfiɗa a ƙofar gidana, ya zazzage buhunana, ya baza. Ina kallo, ban gaishe shi ba. Gida gida ya bi har sati uku.

A siton da ke gaba da mu an karɓi ɗanyar dawa. Ta yi funfuna a masana'anta. Kamfani ya ce ya daina saye a duk yankin, namu ma ya shiga. Ba mu da wani mai saye. Ebiau ya cika aljihu da dawarmu, ya hau mota har ofishin manaja. Direban da ya kai shi ya ji da kunnensa. Ebiau ya zube ta a tebur, ya ce, "Ranka ya daɗe, ciza. In ta yi laushi, ka kore ni tare da su." Wancan siton da ya karɓi ɗanya a rufe yake har yau. Namu bai rufe ko na kaka ɗaya ba.

Duk da haka ban kira shi tukunya ba. Girman kai. Shekara tara.

Ebiau, kai ne wanda bai san suruki a bakin sikeli ba. Kai ne ka ci mana mutunci a layi, ka tsare mana shi a ofis. Na gode, Ebiau. Ku matasa da za ku gaje shi, ku soka buhu a tsakiya, ko na ubanku ne.

Ranar Asabar Ebiau ya ajiye aiki. Tun kafin nan na je bakin fadama da kaina, na yanko tsinke, na shanya, na ɗaura masa matacin baki. Da aka zuba ruwan zafi a tukunya, na tashi a gaban kowa na miƙa masa da hannu biyu.

Ya juya shi. Ya kai baki, ya ciji ƙarshen.

Ya ce, "Wannan ya bushe, Yaya. Matsa mini."