Tulun Mama Alice

Shekara talatin da 'yan kai Mama Alice ta yi tana ginin tukwane a Ushafa, kuma ba ta taɓa barin tulu mai karkataccen baki ya fita daga gidanta ba. In ya fito daga wuta da 'yar tawaya, da hannunta take fasa shi, don ita ba ta da abin taƙama sai sunanta. Curin yumɓu take dasawa a ƙasa, ta sunkuya, ta yi ta zagaya shi da baya da baya har ya tashi ya zama tulu. Ni a wajen sayen randa na san ta, tun ina ƙaramin ma'aikaci.

A shekarar 2006, lokacin da kowane darakta a Abuja yake neman abin ratayawa a sabon falonsa, ɗan ƙanwarta Bartholomew ya dawo daga karatun zane. Kwana uku ya yi a tsakar gidanta yana kallon tulu ɗaya da kasko da ludayi, sannan ya zana su. Da aka baje zanen a wani otal a Maitama, ni na kai Mama Alice a motata.

Ban ga tulu a jikin allon nan ba sai da aka nuna mini. An yanyanka shi kamar kabewa, baki a gefe, gindi a sama, cikinsa da bayansa duk a fili lokaci guda. Ludayin ya ratsa kaskon. Wai sunan salon kiyubizim. A ƙasa kuma an rubuta: Tulun Alice.

Manya sun yi cirko-cirko a gabansa, hannu a baya, suna gyaɗa kai. Mutanen da rabon su da shan ruwan tulu tun suna firamare, ga su nan suna yi wa juna bayanin tulu. Wata Hajiya Sa'adiya, matar wani darakta, ta ce aikin "very deep" ne wallahi, alhali launin labulenta take auna shi da shi. Haushi ya kama ni.

Mama Alice ta daɗe a tsaye. Can na ga ta ɗan sunkuya, ta karkata kai, ƙafarta ta ja baya taku ɗaya kamar za ta fara aiki. Ta ce da ni a hankali, yaron nan ya zagaya, haka tulu yake a idonta in tana gini, baki da ciki da gindi gaba ɗaya. A duk ɗakin ita kaɗai ta ga abin da aka zana. Amma da Bartholomew ya matso yana washe baki, ba ta raga masa ba.

"Ka iya kallo, ɗana. Amma cire sunana. Mutane za su ce haka nake gini."

Ya yi dariya, ya ce ai Mama wannan talla ce.

Tallar kuwa ta ci. Hajiya Sa'adiya ta sayi zanen, sannan ta aika Ushafa a gina mata tuluna irin na ciki, na ajiye furen roba. Mama Alice ta ce ba da ita ba. Maƙwabta suka karɓa. Kafin shekara ta zagayo, duk mai hannun da bai nuna ba ya samu sana'a: ya murɗe baki, ya lotsa ciki, ya manna hannu a inda ba a sa hannu. Abin da a da ake zubarwa a bayan gida ya koma falon Asokoro.

Ciniki ya ja baya a gidanta, har wata Asabar ta ce in kai ta kasuwar Wuse da tuluna shida, ko wani mai shago zai sara. Muka tarar da shagon cike da karkatattun abubuwa. Mai shagon ya ɗaga tulunta ɗaya, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya yaba ƙararsa. Sannan ya mayar mata.

"Mama, wannan ai na ruwa ne kawai. Kwastomomina Alice suke nema." Ya nuna wani mai baki a kafaɗa. "Kin ga orijinal Alice."

Na buɗe baki zan yi magana, ta riƙe mini hannun riga. Ta naɗe tulunta a zani, muka fito. Ba ta gaya masa sunanta ba.