Dukiyar Ruwa da Wainar da Aka Ƙi Ci

A ƙarshen shekarun 1980 ni matar aure ce mai ɗiya ɗaya a wani flat na gidan bene a unguwar Catford, can ƙasar Turawa, mai baki kamar reza da son a san na iya. Maigidana likita ne, ni kuwa kimiyya na karanta, sai Allah ya ba ni aiki a wani ƙaramin ɗakin gyaran kayan tarihi kusa da Aldwych. A lokacin an kawo mana kayan wasu jiragen ruwan Sifaniya da guguwa ta nutsar ɗaruruwan shekaru baya, suna ɗauke da zinariya da azurfa, masu nutso suka tsamo su. Ko kusa ba sa ƙyalli. Dunƙule-dunƙule ne baƙi ƙirin, kamar ƙanzon tukunya. Aikina in jiƙa su wata da watanni ina sauya ruwa har gishiri ya fita, sannan in ɓanɓare a hankali. Ina son aikin nan kamar raina.

Bakina ne ya ja mini. A wani suna a unguwar Plumstead na baje ina ba matan wajen labarin yadda nake juya dukiyar ƙarƙashin teku da hannuna, har da ƙarin gishiri. Ga hannun kuwa ya yi baƙi yana saɓa, saboda ganganci na ƙin sa safar hannu. Sai na ga ana kallon hannun ana haɗa ido. Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari, wai dukiyar ruwa tana da masu ita, kuma sun sa mini alama. Ni da ake rububin wainata, sai ga kwanona yana dawowa cike daga kowane taro. Aka daina turo yara wajen ɗiyata. Wallahi na yi kuka a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba sau ɗaya ba. Ga walimar saukar karatun yarinyar ta matso, na san ba mai zuwa ya ci. Na yanke shawarar ajiye aikin, ko mata za su sake karɓata.

Akwai wata Hajiya 'yar Ghana, tsohuwa, wadda ke yi wa matanmu wankan gawa idan an yi rasuwa. Ita ce ta tare ni bayan Juma'a, da Hausarta ta zango mai ce wa mace kai, ta kira ni 'yarta, ta ce kafin in bar aikin in kai ta ta ga aljanun da idonta. Na roƙi mai gidan aikin, ya yarda. Hajiya ta wuce tsabar azurfa ko kallo ba ta yi ba, ta tsaya kan wani dunƙule da na daɗe ina fama da shi. Abin da ya fito a ciki ɗan cokali ne na ciyar da jariri, da matajin kai. Ta jima tana kallo, ta share hawaye da bakin mayafi. Ta ce waɗannan kayan bayin Allah ne da ruwa ya ci ba wanda ya yi musu sutura, kuma aikina da nata ɗaya ne, mu wanke abin da mutuwa ta bari cikin mutunci. Ta ce ita ma shekara da shekaru akwai masu ƙyamar abincin hannunta, amma duk ranar rasuwa ita suke nema. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in ajiye.

Ranar walima na soya waina kamar zan ciyar da unguwa. Mata sun zo don idon maigidana, suka zauna kowa hannunta a cinya. Hajiya ta zauna a tsakiya, ta ce in gutsuro in sa mata a baki da wannan baƙin hannun. Ta cinye, ta nemi ƙari, ta ba su labarin cokalin, sannan ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce wadda ke tsoron hannuna ta fara neman mai wanke ta, don hannunta ita Hajiya ya fi nawa taɓa matattu. Sai wata ta tuntsire da dariya ta ja faranti. Ko ɓarɓashi bai rage ba, har ƙullawa aka yi.

Na ci gaba da aikina har na zama mai koyar da sababbi, kuma ranar da aka baje kolin kayan, matan nan suka cika bas suka je ganin cokalin. Na koyi rage fariya, na kuma koyi sa safar hannu. 'Yan'uwa mata, kada ku ƙyamaci mutum kan abin da ba ku je kun gani ba, kuma kada surutu ya raba ku da sana'arku ta halal. Hajiya ta rasu daga baya, Allah ya jiƙanta. Ni ta bar wa wasiyyar wanke ta, kuma da wannan hannun na yi.