Maganin Inna da Na'urar Daktora

Inna ba ta taɓa shan magani ita kaɗai ba. Tun tasowata a unguwar Mansur ta Makka, inda take soya waina a bakin layi, na san in likita ya rubuta mata ƙwaya, to rabin unguwa ya samu. Mai ciwon gwiwa ta zo, mai ciwon kai ta aiko, Inna ta kwance bakin mayafi ta ba kowa. In na yi magana ta ce, "Allah ya shirye ki, rowar har da magani?"

Da ciwon daji ya kama ta ya ci har ƙashi, sai aka ɗora ta kan wani magani mai ƙarfi, irin wanda hukuma ke sa wa ido. Shi ba a rubuta shi a takarda. Likitarta, da muke kira Daktora, a na'ura take shigar da shi da lambar iƙamar Inna, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, saƙo ya shigo wayata, in je saidaliyyar asibiti, ɗakin ba da magani, su duba su ba ni. Inna ba ta son tsarin nan ko kaɗan. Wai likitan da bai ba ka takarda ka riƙe ba, hira kawai kuka yi.

Daktorar kuwa 'yar Hausawa ce haihuwar Makka, Hausarta duk ta kakkarye. Sai ta ce, "Inna, ciwo yana fi?" Inna ta kwashe da dariya har tana riƙe kwiɓi, ta ce, "Wannan yarinya, kakarki ta ji ki sai ta yi kuka." Amma ba ta taɓa zuwa asibiti ba tare da ta riƙo mata waina mai zafi ba.

Wata safiya na taso daga gidana a unguwar Kudai na tarar da Inna kwance ta dunƙule, gumi ya jiƙa mata matashi. Na ɗauko kwalbar magani, wayam! Alhali da sauran kusan mako kafin a sabunta. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa kamar ba ita ta haife ni ba. Da ƙyar ta faɗa mini: wata tsohuwa ce a bayan layinmu, ƙugunta ya karye tun bara, ba ta da iƙama, tana tsoron asibiti. Inna na jin nishinta ta bango, shi ne ta riƙa raba mata.

Na ce, "Inna, wannan ba maganin mura ba ne! Da ya kashe ta fa?"

Ta ce ita ma ta kwana biyu ba ta sha ba, ta ɓoye mini ne don ta san bakina.

Muka tafi asibiti. A mota na yi ta kitsa ƙarya, in ce kwalbar ta faɗi ko ta ɓace. Muna shiga Inna ta riga ni, ta faɗi gaskiya tas, sunan matar kaɗai ta riƙe. Daktora ta juyo mana da fuskar na'urar. Ga ranar da aka ba mu, ga ranar da ya kamata ya ƙare, komai a fili. Ta ce ko wani asibiti muka je abin da za su gani ke nan, ba mai rubuta mana. Ban taɓa ganin ta yi fushi ba sai ranar. Hausa ta gudu ta bar ta, ta zazzage wa Inna Larabci, idonta cike da ƙwalla. Inna ta sunkuyar da kai kamar ɗaliba.

Sai Daktora ta zauna ta daɗe tana bugawa a na'urar. Ta ce dole ta rubuta dalili da sunanta, na sama da ita su gani, kuma za su tambaye ta. Na 'yan kwanaki kaɗai za ta riƙa bayarwa, kwalba kuma a hannuna za ta zauna. Ta ce a gaya wa tsohuwar kada ta kuskura ta ƙara sha, za ta nemo mata inda ake duba marasa takarda. Wallahi da saƙon ya shigo wayata sai da na sumbaci wayar, ni da nake zagin tsarin a raina tun a hanya.

A gida na ɗumama mata kunu, na sa mata ƙwayar a tafin hannu. Ciwo na cin ta, amma ta tsaya tana kallon bango. Na ce, "Inna, don girman Allah ki haɗiye."

Ta ce, "Kwana biyu kawai na yi babu shi, na roƙi Allah ya ɗauke ni. Ita tun bara take haka."

Ta haɗiye. Na zauna ina mata fifita har barci ya ɗauke ta, ina jin nishin tsohuwar ta bango.